Babi na Biyar: Laftof 'Yar Kwatano

A ƙasar Bagudo, daga Matsinkai zuwa Kaoje, Illo, Lolo da Tsamiya, in aka ce kaya 'yan Kwatano ne ba a neman ƙarin bayani. Tsamiya na fuskantar Segbana ta ƙasar Benin, Lolo kuma na kan hanyar Malanbil, kuma abin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano yakan hau titi ya yi arewa ta Paraku da Kandi har ya iso bakin iyaka. Mota, firji, gwanjo, rediyo, har da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda kowa ke kira laftof. Wasu laftof ɗin ta Legas suke biyowa, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu daga Farm Centre ta Kano, amma wadda ta fito daga ƙasar Faransa ko Beljiyam ba ta ɓuya. Ka dubi madannanta: inda ka saba ganin Q sai ka tarar da A, inda W take sai ka ga Z, harafin M kuma ya bar layin ƙasa ya koma kusa da L. Wani ma'aikaci ne a wani ofis na Turai ya yi shekaru yana aiki da ita, aka sauya masa sabuwa, ita kuma ta shiga kwantena.

Yawan irin waɗannan kaya ba na wasa ba ne. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ke shigowa Najeriya a shekara, akasarinsu daga Turai, da yawa kuma a cushe cikin tsofaffin motocin da aka yi odarsu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun iso a mace. Waɗancan matattun labarinsu daban ne. Wannan babin na masu rai ne, waɗanda ke tashi lafiya lau, su buga takarda, su kunna karatun Alƙur'ani da finafinai, amma da zarar an ce a shiga intanet sai su ƙi.

Ga yadda abin ke kasancewa. Malamin firamare ya tara kuɗi ya sayi HP ko Dell, ko wata tsohuwar Toshiba mai nauyi, don 'yarsa ta koyi bugu kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Ya jona ta da wayarsa, ya sayi data, ya rubuta adireshin shafin duba sakamako. Maimakon shafin sai wani farin allo ya bayyana da jan alwatika da rubutun Turanci, ko na Faransanci, yana cewa haɗin ba shi da tsaro. Ya sake gwadawa, haka. Ya ce sabis ne. A bakin iyaka kuwa wannan zargi yana da tushe, domin waya kan saki layin gida ta kama MTN ta Benin ko Moov ba tare da sallama ba, kuɗin mutum ya tafi a banza. Sai ya jira dare, ya koma inda sabis ya fi ƙarfi, ya sauya layi. Wayar na buɗe shafin nan take, laftof ɗin kuma da ke shan data daga wayar ta ƙi. A nan ne yakan naɗe ta a jaka ya nufi shagon mai gyara.

"Ɗana, duba min wannan. Ina jin bairos ne ya kama ta."

Yaron shagon, in ya san aikinsa, ba zai fara da buɗe komai ba. Zai kai ido kusurwar dama ta ƙasan allo.

"Malam, yau wace rana ce?"

"Talata mana."

"To ita a wurinta yau ɗaya ga Janairun 2009 ne, ƙarfe goma sha biyu na dare."

A cikin kowace kwamfuta, ban da babban batirin da ake caji, akwai wani ɗan ƙarami mai kama da kwabo, mai ƙarfin bolt uku, wanda galibi ake rubuta CR2032 a bayansa. A laftof sau da yawa a naɗe yake cikin roba, da 'yar waya ja da baƙa. Aikinsa shi ne ya riƙe agogon na'urar yana tafiya ko da an kashe ta an ajiye. Yakan yi shekaru, amma ba ya yin har abada, kuma laftof ɗin da babban batirinta ya riga ya mutu, wadda ke ɗaukewa duk lokacin da janareto ya tsaya ko sola ta yi sanyi, ta fi saurin cinye shi. In ya ƙare, duk sanda aka kunna na'urar sai ta koma ranar da masana'anta suka dasa mata.

Me ya haɗa agogo da buɗe shafi? Sai mun koma Tsamiya. Matafiyi ya iso shinge, jami'in shige da fice ya karɓi takardarsa. Abu uku yake dubawa: wa ya buga hatimin, shin ya san wannan hatimin, kuma wa'adin takardar ya fara, bai kuma ƙare ba. Burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, irin wannan aikin take yi. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https sai ya miƙa mata takardar shaida, satifiket, wadda wata hukuma amintacciya ta sa wa hannu, ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. A watan Satumba na 2020 aka hana wa'adin irin wannan takarda ya wuce kwana 398, kuma miliyoyin shafuka na amfani ne da ta kwana 90 kawai. Jami'in da kalandarsa ke cewa 2009, in aka miƙo masa takardar da aka rubuta bana, dole ya ce ta jabu ce, don a lissafinsa ba a ma kai ranar rubuta ta ba. Zai tare kowa, mai gaskiya da maras gaskiya.

Wannan ita ce mafi sauƙin cutar, kuma ita aka fi yi wa maganin da ba nata ba. Gyara kwanan wata da hannu ba ya ɗaukar minti biyu. Sauya ɗan batirin kuma kuɗinsa bai kai na cajin data na wata ba.

Sai dai a lokuta da yawa agogo daidai yake, shafin kuma ya ƙi. A nan maganar hatimi ce. Kowane Windows yana zuwa da kundin hukumomin da ya yarda da sa hannunsu, kuma kundin nan ana sabunta shi ne ta intanet, daga kamfanin Microsoft, muddin na'urar na karɓar sabuntawa. Su ma hukumomin takardunsu na asali suna da wa'adi, sai dai mai tsawo ne, shekara ashirin ko fiye. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wa'adin ɗaya daga cikinsu ya cika, wadda ake kira DST Root CA X3. Sunan ba ya cewa komai ga mai karatu, amma a kanta ne ƙungiyar Let's Encrypt ta jingina tun da ta fara raba satifiket kyauta a 2015, kuma shafuka masu ɗimbin yawa, musamman na ƙananan makarantu da jaridu da 'yan kasuwa da ba su da kuɗin saye, a wurinta suke karɓa. Ƙungiyar ta riga ta tanadi sabon hatimi nata, ISRG Root X1, kuma duk na'urar da ke sabunta kanta ta karɓe shi ba tare da mai ita ya sani ba. Waɗanda ba su karɓa ba sun wayi gari ranar 1 ga Oktoba suna ƙin shafukan da jiya suke buɗewa: tsofaffi masu Windows XP, kwamfutocin Apple da tsarinsu ke ƙasa da lamba 10.12.1, da ɗimbin masu Windows 7 da aka kashe musu sabuntawa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar mu. Windows ɗin da ke kan yawancin laftof na hannu ba saye aka yi ba, kwafi ne da aka ɗora a shago, kuma abu na farko da mai ɗorawa ke yi shi ne kashe sabuntawa, don kada ta cinye data, don kada kuma Microsoft ya gane kwafin ya baƙanta allo. Dalilansa biyun duk masu ma'ana ne ga wanda ke lissafin kowace megabait. Amma da wannan ya rufe ƙofar da sababbin hatimai ke shigowa.

Shi ya sa nake ganin kalmar da ta fi kowace ɓarna a shagunan gyara ita ce "fomat". An kawo na'ura tana ƙin shafuka, sai a ce a yi mata fomat, a goge komai, a sake ɗora Windows 7 daga faifai ko filashin da ya shekara goma a aljihun tebur. Mai ita ya biya, ya rasa hotunan bikin ƙanwarsa da takardun makaranta, ya karɓi na'urar da aka mayar da ita baya fiye da yadda ya kawo ta. Windows 7 ya fito ne a watan Oktoba na 2009 da burauzar Internet Explorer 8, kuma kundin hatimansa na wancan zamanin ne. Da wannan burauzar sau da yawa ko shafin da ake sauko da Chrome ko Firefox ba ya buɗuwa yadda ya kamata. Mai gyaran da ya san haka yakan ajiye cikakken fayil ɗin sabuwar burauza a filashi. Wanda bai sani ba sai ya ce hadis ɗin, wato faifan ajiya, ne ya lalace, a kawo kuɗin wani.

Akwai kuma batun yaren da na'ura da shafi ke gaisawa da shi kafin su fara musayar bayanai a asirce. Ana kiran tsarin TLS, kuma ya sha sauyi: na 1.0 a 1999, na 1.1 a 2006, na 1.2 a 2008, na 1.3 a 2018. An gano ramuka a biyun farko, don haka a 2020 manyan burauzoji suka daina amfani da su, bankuna da manyan shafuka ma suka rufe musu ƙofa. Internet Explorer a kan XP bai san komai ba bayan 1.0. Ko agogo na daidai, ko an cusa masa sababbin hatimai, zai yi sallama shafin ya ƙi amsawa.

Duk wannan yana tafiya ne bisa kalandar da aka tsara a Amurka, ba tare da an yi shawara da kowa a gaɓar Kwara ba. Microsoft ya daina kula da XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, Vista a Afrilun 2017, Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, sai 8.1 a Janairun 2023. Masu burauza kan ɗan jinkirta sannan su bi sahu. Google ya tsayar da Chrome na XP da Vista a lamba 49 tun 2016, na Windows 7 da 8.1 kuma a lamba 109 a farkon 2023. Firefox ya tsaya a 52 ga XP, a 115 ga Windows 7. Bayan nan burauzar tana nan, tana buɗuwa, amma ta daina koyon sabon abu, su kuwa masu gina shafuka ba su tsaya ba. Sai ka ga shafi ya buɗe rabi: kan shafin ya fito, gurbin rubuta lambar jarrabawa bai fito ba, ko ya fito amma maɓallin turawa ya ƙi dannuwa. WhatsApp na kwamfuta ya ce sai ka sabunta Chrome, Chrome ya ce shi a nan iyakarsa. Da can akwai ƙofofin baya ga masu tsofaffin na'urori, kamar sauƙaƙƙen shafin Gmail da ba ya buƙatar komai, amma Google ya rufe shi a farkon 2024.

Ba zan ce kamfanonin nan ba su da hujja ba. A watan Mayu na 2017 ƙwayar WannaCry ta bi ta wani rami a Windows ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, kuma yawancin na'urorin da ta kama masu Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Jan alwatikan nan da ke ɓata wa malam rai yana tsare shi ne daga wanda zai yi shigar banki ya karɓe masa lambar sirri. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ɗora wa mai tsohuwar na'ura laifi, a ce ya ƙi ci gaba. Gwamnati ce ta mayar da komai fotal: rajistar JAMB, duba sakamakon WAEC da NECO, biyan kuɗin makaranta ta Remita, rajistar bautar ƙasa, neman aikin ɗan sanda ko kwastan. Ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Aliero ba a tambaye shi ko yana da na'urar da za ta iya ba. Ya sayi wadda aljihun mahaifinsa ya kai, bisa ƙa'idar da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya sayar masa bai gaya masa cewa wa'adinta a intanet ya cika tun kafin ta hau jirgi ba.

Saura nauyi, wanda ba ya nuna jan alwatika, sai dai ya ci wa mutum rai a hankali. A wajen 2011 matsakaicin shafin intanet bai wuce rabin megabait ba sosai. Yau ya haura megabait biyu, kuma mafi wahalar ɓangarensa ba hotuna ba ne, umarnin da shafin ke turo wa na'urarka ne ta aiwatar da kanta, tallace-tallace da masu bin sawu da sauran tarkace. Laftof mai gigabait 2 na ram, wato ma'ajiyar aikin nan take, ta ishi mai ita a 2010. Yanzu shafi uku a Chrome sun cika ta, sai ta koma aron wuri a faifan ajiya mai juyawa, wanda ya fi ram nawa nesa ba kusa ba. Ka ji fanka na kuka, ƙasan na'urar ya yi zafi, ga ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska, ga zafin Afrilu. Ita kuma in ta ji zafi rage gudu take yi don kada ta ƙone.

Hanyoyin fita suna nan, kuma ba duka ke cin kuɗi ba. Bayan agogo, abu mafi amfani ga mai Windows 7 shi ne Firefox 115, saboda wani dalili da mutane kaɗan suka sani: Firefox ba ya dogara da kundin hatiman Windows, da nasa yake tafe. Na'urar da Internet Explorer ke ƙin rabin shafukan duniya a kanta, sau da yawa Firefox na buɗe su sumul. In ram ɗin na'urar zai ƙaru zuwa gigabait 4, aka kuma sauya faifai mai juyawa da SSD, aka busa ƙurar fanka, mai ita zai rantse wata aka ba shi. Amma wannan bai toshe ramukan Windows ɗin kansa ba, don haka harkar banki gara a bar wa waya. Haka nan in burauza ta yi gargaɗi kuma ta ba da damar a ci gaba duk da haka, a shafin karanta labari ba wani abu ba ne, amma a shafin da za ka rubuta BVN ko NIN ko lambar kati, kada ka danna.

Gyaran da ya fi zurfi shi ne a sauke Windows gaba ɗaya a ɗora Linux, tsarin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, wanda kowa ke da izinin kwafa da rabawa kyauta. Irinsa da aka fi sani, Ubuntu, ɗan Afirka ta Kudu ne ya kafa shi a 2004, Mark Shuttleworth. Akwai nau'o'insa marasa nauyi, irin su Lubuntu da Linux Mint mai Xfce, ga kuma antiX don na'urorin da suka tsufa ƙwarai. Laftof ɗin 2010 da aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu tana samun burauzar bana da hatiman bana, kuma ba wanda zai baƙanta mata allo. Amma kada a yaudari kowa. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDraw wajen zana katin biki da kalandar 'yan siyasa ba zai same shi a can ba. Wata firintar sai an sha fama kafin ta yarda. Manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa yawanci don Windows da Android aka yi su. Sauko da fayil ɗin farko ma gigabait biyu ne ko fiye, wanda a Matsinkai ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake filashi ɗaya ya ishi gari guda. Babban cikas ɗin dai masu gyara ne: yaron da ya koyi aiki a Birnin Kebbi ko Sakkwato Windows aka koya masa, kuma ba ya son ɗora abin da in an dawo da ƙorafi ba zai iya amsawa ba.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, wa'adin Windows 10 ma ya cika. Magajinsa, Windows 11, yana da sharuɗɗan da suka fi na baya tsauri: yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a hukumance ba ya karɓar injin Intel da ya girmi ƙarni na takwas, wato galibin abin da aka ƙera kafin wajen 2018. Ma'ana ofisoshi da makarantun Turai da Amurka na sauke miliyoyin na'urori masu lafiya, masu kyan gani, masu ram gigabait 8, kuma mun san inda da yawansu za su nufa. Za su yi arha, za su kuma yi aiki sosai na 'yan shekaru, har ranar da Chrome zai sanar da lambarsa ta ƙarshe a kan Windows 10 kamar yadda ya yi wa 7.

Mai saye a kasuwa yakan duba ƙyallin murfi, ya ƙirga awannin batir, ya ji an ce "Core i5 ce, Alhaji" ya gamsu. Amma Core i5 suna ne da Intel ke amfani da shi tun 2009, kuma tsakanin na farko da na baya akwai shekaru fiye da goma. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin shekarun: i5-2520M ɗan ƙarni na biyu ne, na 2011, i5-8250U kuma na takwas ne, na 2017. A sa mai sayarwa ya kunna na'urar ya nuna wannan lambar a allo, ba a takardar da ke manne a jiki ba, sannan a cire caja a kashe ta, a sake kunnawa a dubi kwanan wata, a jona ta da waya a buɗe shafin JAMB da na banki tun ba a ƙirga kuɗi ba.